Zubkar da Surukin Sarki Ya Aiko

Kwana shida ke nan abin nan yana cina a rai, ko tuwo na sa a baki ba na jin daɗinsa. Ɗana na fari, wanda ba zan kama sunansa ba, ya ce zai sayar da dokin da mahaifinsa ya rasu ya bar masa. Wai dokin ya lalace, ya koyi cizo da tutsu, ranar Juma'a ma saura ƙiris ya kayar da shi a bakin kasuwa. Ni kuwa na lura, tun ranar da surukinsa ya aiko masa da sabuwar zubka dokin ya canja hali. Zubka, ga wanda bai sani ba, ita ce shimfiɗar da ake ɗorawa a bayan doki kafin a aza sirdi. Karatuna bai yi nisa ba, amma kakana baduku ne mai haɗa kayan doki, kuma akwai hikayar da yakan ba mu yana ɗinki. Bari in ba ku ita yadda na riƙe, sannan in yi tambayata.

A zamanin da, a wata ƙasa da sunanta ya ɓace wa masu ba da labari, an yi wani sarki mai suna Jatau. Adali ne, sai dai yana da saurin yanke hukunci. Yana da wani akawal, baƙin doki, wanda ya shekara tara yana hawa. Duk bayan girbi a kansa yake zaga ƙauyuka yana jin koken talakawa, kuma bai taɓa yi masa gardama ba.

Wata shekara surukin sarki, wanda shi ma sarki ne a wata ƙasa ta arewa, ya aiko masa da kyautar zubka. Kaurinta kamar katifa, an cika ta da audugar rimi, an lulluɓe ta da jan karammiski. Fada ta yi ta yabo. Sarki ya ce daga yau ita za a riƙa ɗora wa akawal.

Ranar farko doki ya kwantar da kunnuwa. Rana ta biyu ya kai wa mai ɗaura masa sirdi cizo. Rana ta uku, a bakin ƙofar gari, gaban mata masu ɗebo ruwa, ya yi tutsu ya zubar da sarki a ƙasa, rawani ya yi nasa waje.

Sarki ya koma fada a ƙasa, ya sa aka kira Shamaki Arzika, mai kula da bargarsa. Ya ce, "Arzika, amanar doki ɗaya na ba ka ka fifita, ka lalata ta. Na ba da kwana bakwai. In akawal bai koma halinsa ba, a tuɓe rawaninka, ka bar ƙasata kai da iyalinka, dokin kuma a ba fatake su tafi da shi."

Arzika ya faɗi ya ce, "Allah ya huci zuciyar sarki."

Malamai suka yi rubutu aka ba doki ya sha, ya shanye, halinsa bai canja ba. Fatake suka zo suka ce ai laushin ne bai isa ba, suka ƙara wata shimfiɗar a ƙarƙashin ta farko. A ranar doki ko motsi ya ƙi yi, sai rawar jiki.

A rana ta biyar da ɗora zubkar, Waziri Makau ya je ya sami Shamaki a barga, ya tarar da shi zaune ya zuba wa doki ido. Ya ce, "Arzika, shirunka ya yi yawa. Ka san wani abu."

Arzika ya duba hagu da dama, ya ce, "Ranka ya daɗe, tun ranar farko na sani. Zubkar nan ce. Amma wane ni in buɗe baki a fada in ce kyautar surukin sarki ita ce cutar? Gara a kore ni da kaina a wuyana."

Waziri ya fita daga barga. Ya wuce unguwar dukawa, gidan wani tsoho mai suna Nomau, wanda shi ya haɗa sirdin akawal tun dokin yana ɗan shekara huɗu.

Nomau ya gan shi ya yi dariya, ya ce, "Allah ya ba Waziri nasara. Sai da aka gama da malamai da fatake aka tuna da mai warin fata?"

Waziri ya ce, "Baba, bar tsiya, rawanin mutum ke lilo. Me ke damun dokin?"

Nomau ya ce, "Sirdin nan a jikinsa na auna shi, ya zauna daidai, babu rara. Ka cusa katifa a ƙarƙashinsa, ina za ta shiga? Sai ta matse kafaɗa. Amma kada ku ɗauki maganata. Dokin yana rubuta ƙararsa a bayansa kullum, ku ne ba ku karantawa kafin ta bushe."

Waziri ya ce, "Kai ne kake ɗinka wa sarki takalma?"

"Ni ne."

"To, ba ni audugar rimi cikin tafi biyu."

Kashegari da hantsi, sarki zai fito zaman fada, Waziri da kansa ya durƙusa ya ajiye masa takalmansa. Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, na ga ƙafarka ta sha wuya ranar da aka faɗi, shi ne na sa aka shimfiɗa auduga a ciki don laushi."

Sarki ya ji daɗi, ya tura ƙafa da ƙyar. Taku goma ya yi ya tsaya, ya ɓata fuska. Ya ce, "Makau, so kake ka gurgunta ni? Takalmin da yake daidai ƙafata ka cika shi da auduga? Yatsuna kamar an sa su a matsi!"

Waziri ya ce, "Tuba nake, Zaki. Auduga ce mai kyau, kuma da kyakkyawar niyya na sa ta."

"Kyanta me ya amfana mini, tunda babu wurinta?"

Waziri ya sunkuyar da kai ya ce, "Sarki ya yi taku goma ya faɗi abin da ke damunsa, domin yana da baki. Akwai wani bawan sarki da ya yi kwana shida a haka, shi ba shi da baki."

Sarki ya daɗe yana duban takalmin, sannan ya ce a fito da akawal.

Aka ɗora zubkar, aka aza sirdi, Shamaki ya hau ya zaga fili a hankali har doki ya jiƙe da gumi. Nomau, wanda Waziri ya sa aka kira, ya ce a sauke sirdi maza. Bayan doki duk ya jiƙe sharkaf, sai wuri biyu kusa da kafaɗu, dama da hagu, kowanne kamar faɗin tafin hannu, a bushe ƙayau.

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ƙarar. Inda matsi ya yi yawa ko gumi ba ya samun hanyar fita. Kwana kaɗan nan gaba wurin zai zama miki."

Sarki ya ɗora yatsa a wurin, doki ya zabura ya lanƙwasa baya. Sarki ya janye hannu. Can ya ce, "To kyautar surukina fa? In jefar da ita, labari ya kai masa?"

Waziri ya ce, "A'a. A shimfiɗa ta a kan karaga. A aika masa cewa kyautarsa ta fi ƙarfin bayan dabba, sarki da kansa yake zama a kanta."

Haka aka yi. Aka hutar da akawal kwana ashirin. Nomau ya yi masa zubka ta gashin tumaki, marar kauri, marar ado, ya bar rami a tsakiya don kada ta taɓa ƙashin baya. Sau uku ana gwadawa ana duba gumi yana ragewa yana ƙarawa, har bayan ya jiƙe bai ɗaya. Sarki ya tara fada ya ce, "Na zalunci Arzika." Ya bar masa rawaninsa, ya ƙara masa da riga. Ya kuma kafa doka, kada a ƙara hukunta doki ko mai kula da shi sai an sauke sirdi an duba baya. Surukin kuwa da saƙo ya isa gare shi, murna ya yi ƙwarai. Iyakar hikayar ke nan.

Jiya da ɗana ya dawo daga gona ya sauke sirdi, na yi kamar zan ɗebo ruwa na leƙa. Wallahi wuri biyu na gani a bushe. Na taɓa ɗaya, dokin ya zabura.

To ni ba ni da waziri, ɗana kuma ba shi da karaga. Matarsa Uwale yarinyar kirki ce, kullum sai ta kakkaɓe zubkar nan ta shanya, duk baƙon da ya shigo sai ta ce babanta ne ya aiko. In na yi magana, za ta ɗauka uwar miji ta raina kayan gidansu, kuma shekara huɗu muna zaune ko musu ba mu taɓa yi ba. Ɗana kuma ɗan fari ne, ban saba zama in yi doguwar magana da shi ba. In na yi shiru, ranar Alhamis mai saye zai zo ya kwance dokin mahaifinsa ya tafi da shi, a kan laifin da ba nasa ba.

Na yi tunanin in aika a kira baffansa, amma shi ba ya iya magana a hankali, duk unguwa sai ta ji. Na yi tunanin in kira Uwalen ita kaɗai in nuna mata bayan dokin da idonta, amma ban san yadda za ta ɗauka ba. Yau Talata. Don Allah ku da kuka fi ni sani, wanne zan yi?