Fuskokin da ke kan sakaina

Akwai wani ɗan kasuwa a Konni, Alhaji Hamani, wanda ba abin da yake so kamar tara ƙananan zane-zane. Cikinsu duka ya fi son aikin Halilu, mai zanen garin Tajaye.

Halilu a kan sakaina yake zane, guntuwar ƙwarya da ba ta cika tafin hannu ba. Da gashin wutsiyar akuya yake shafa fenti. Mutum iri ɗaya yake zanawa: saurayin da zai tafi ci-rani. Yaro ya zauna a zana fuskarsa, ya bar wa uwarsa sakainar, ya hau mota. In ya dawo, a fasa ta.

Ke nan duk sakainar da ta kai hannun Alhaji, mai ita bai dawo ba.

Shekarar da hatsi bai yi ba, dillalansa suka bi ƙauyukan Illela da Tsarnawa suna saye. Ya gyara babban zaure, ya jera su a bango cikin gilashi, ya gayyato manyan baƙi daga Yamai su zo kallo.

Ana cikin shiri wata tsohuwa ta yi sallama, Balaraba sunanta.

"Alhaji, ɗana Kyauta yana wurinka. Ƙanena ya sayar da sakainarsa, ban sani ba."

"Inna, saye na yi, ba sata ba."

"Ban ce ka sata ba. Idona ya tafi. Da hannu nake ganinsa yanzu."

Alhaji ya yi dariya. "A bango duniya za ta gan shi. A ɗakinki wa ke kallonsa, ɓera?"

Babban ɗansa Mahamudu yana tsaye a wurin. Ya ce, "Baba, a ba ta mana."

Alhaji ko waiwayowa bai yi ba. "Wa ya sa bakinka? Wuce ka ba ni wuri."

Tun daga ranar nan, zauren ya canja masa. Da rana tsaka ya shiga, sai sanyi ya kama masa ƙafa. Wani lokaci ya ji warin man mota, alhali ba mota kusa. Ya lura kuma idanun fuskokin nan duka ƙofa suke kallo. Ya mai da wasu ɗaya bangon. Suka ci gaba da kallon ƙofa.

Bai faɗa wa kowa ba.

Ranar kallo baƙi suka shigo da hira da dariya. Kaɗan kaɗan hirar ta mutu. Wani ya cire tabarau, wata ta ja mayafi ta fita. A waje kuwa matan ƙauye ne tsaye jikin katanga. Ba wanda ya gayyace su.

Alhaji yana bin bango yana bayani, har ya iso kan Kyauta. Nan ya tsaya.

Kusa da Kyauta akwai wata sakaina da bai saya ba. Ba gilashi, a ƙusa kawai aka rataye ta. Fentin yana wari, sabo ne.

Fuskar Mahamudu ce. Ita ma ƙofa take kallo.

Ya kira wayar Mahamudu, a kashe. Ya shiga cikin gida da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Hajiya Hafsat, uwar Mahamudu, tana zaune a tabarma hannu a cinya.

"Ina yaron nan?"

"Ya bi motar Agadas tun hantsi. Na roƙe shi ya bar mini sakainar, ya ƙi. Ya ce gaban bangon zauren nan kaɗai kake tsayawa ka kalli fuskar mutum."

Alhaji ya koma zaure. Gaban baƙi ya buɗe gilashi ya ciro Kyauta, ya sauke Mahamudu daga ƙusa, ya fita wurin matan.

Balaraba tana cikinsu, ta karɓi Kyauta. Ta bi goshin da yatsa, ta bi hanci.

"Shi ne."

Sai ta laluba hannun Alhaji, ta ji a dunƙule yake.

"Kai ma akwai taka?"

"Akwai, Inna."

"To, kada ka bar ta a rana, fenti na koɗewa. Jiran da tsawo."

Darasi: Abin da ka mayar kayan kallo, wataƙila shi kaɗai ya rage wa wani a duniya. Kada ka yi ado da baƙin cikin mutane, kuma ka dubi fuskar naka tun suna gabanka. Ku tura wa wasu su karanta.