Buroshi Mai Maiƙo da Tagar Tsohuwa

A wani gari akwai wani mutum wanda sana'arsa wanke tagogi ce. Kayan aikinsa ba su da yawa: tsani, bokiti biyu, da buroshi mai dogon mariƙi. Bokiti ɗaya na ruwan sabulu ne, ɗayan kuwa na ɗauraye buroshi, domin ƙa'idar aikin ita ce, ka gama taga ka ɗauraye buroshi kafin ka taɓa ta gaba.

Wata ranar Asabar wani maigida ya kira shi. 'Yarsa ce za a ɗaura wa aure da la'asar, mahaifiyarsa kuma tsohuwa tana kwance a ɗakin sama, likita ya hana a ɗaga ta. Ita ta goyi yarinyar tun tana jaririya. Tagar ɗakinta kafaffen gilashi ne da ba ya buɗuwa, yana kallon yamma, wajen hanyar da amarya za ta bi zuwa majami'a. Maigidan ya ce, "Ka wanke tagogin gidan nan duka saboda baƙi. Amma ta Inna ita ce babba. Ta nan kaɗai za ta ga jikarta."

Mutumin ya fara da tagar ɗakin girki, don ita ce kusa da ƙofa. Shekaru ana soye-soye a ƙarƙashinta, mai da hayaki sun daskare a kai. Ya goge ta tas. Da ya juya zai ɗauraye buroshi, sai ya tarar masu girkin biki sun ɗauke bokitinsa na biyu, rijiya kuma tana can bayan gida. Ya dubi buroshin, ya ce a ransa, "Ai cikin sabulu yake wuni, me zai same shi?" Ya ci gaba abinsa, taga bayan taga, har ya gama da ta tsohuwa ciki da waje. A inuwar hantsi kowace taga sai ƙyalli take yi. Mutumin har da 'yar waƙarsa.

Sauri kuwa ya haifi nawa. Da rana ta karkata ta bugi gilashin, sai ga zane-zane sun fito fari fat, kamar an shafa koko. Tsohuwa ta aika aka kira shi. Ta ce, "Ɗana, hazo nake gani. Idona ne ya ƙarasa mutuwa, ko tagarka ce?"

Kunya ta kama shi. Ya hau tsani ya sake gogewa da ƙarfi. Ya ƙara sabulu, ya goge sau na uku har gumi ya jiƙa masa riga, abin sai ƙara dusashewa yake yi. Ya shiga ɗakin yana huci, ya ce, "Inna, gilashin nan ya tsufa, ba ya jin wanki."

Tsohuwar ta ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Miƙo mini buroshin nan." Ta kai shi hanci, ta sansana, ta yi dariya har da tari. "Man gyaɗa ne da hayaki. Ɗakin girki ka kwaso ka shafa mini a taga! Shekara sittin ina wanke tukwane, ban taɓa ganin soso mai maiƙo ya fitar da kwano ba."

Maganar ta soke shi, gama gaskiya ce. A lokacin kuma ya jiyo gangar mata daga nesa, sun fara taruwa don rakiyar amarya. Ya ce, "Inna, laifina ne. Amma yau sai kin ga jikarki."

Bai koma kan tsani ba. Ya zubar da ruwansa duka, ya tafi rijiya ya jawo sabo. Ya roƙi ruwan zafi da toka wurin masu girki, ya durƙusa yana cuɗa buroshin gashi-gashi. Wata mata ta ce masa, "Malam, amarya ta kusa fitowa, kai kana nan kana yi wa buroshi wanka?" Ya ci gaba da cuɗawa. Ya ɗauraye, ruwa ya fito baƙi. Ya sake, ya fito da maiƙo a sama. Sai a karo na huɗu ruwa ya fito garau. Bai yarda buroshin ya taɓa ƙasa ba, a kafaɗa ya saɓa shi har kan tsani.

Sau biyu kawai ya ja shi a waje, sau biyu a ciki, ya share da tsumma mai tsabta. Yana saukowa ayari ya iso. Amarya ta tsaya a ƙarƙashin tagar, ta ɗaga mayafinta, ta ɗaga hannu. Tsohuwa ta ga fuskarta sarai, hawaye suka zubo mata, ta ce wa ɗanta, "Wa ya cire gilashin?"

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ga ta. Tagogin su ne mutanen da Allah ya sa a hannunmu: 'ya'yanmu, maƙwabtanmu, ɗaliban ajinmu. Buroshin shi ne zuciyarmu da harshenmu. Ɗakin girki kuwa shi ne inda muka kwaso fushi, ko gulma, ko ƙyashi, muka wuce ba mu tuba ba. Mutum ya yi faɗa a kasuwa da safe, da yamma ya zauna yi wa ɗansa gargaɗi, yaron ya ƙi ji, sai ya ce yaran zamani ba sa jin magana. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ƙarin tsawa ba zai gyara ba, kamar yadda ƙarin sabulu bai gyara ba.

Kada kuma ka ce, "Ai kullum ina cikin majami'a." Buroshin nan ma cikin sabulu yake wuni. Rijiyar ita ce addu'a da tuba a gaban Ubangiji, kuma ba sau ɗaya a mako ake zuwa ba, bayan kowace taga ne. Wani yana nan da ta wurinka kaɗai zai hangi alherin Allah. Sauko daga tsani, ka je ka wanke buroshinka tun amarya ba ta wuce ba.