Gugan da Ba a Mayar Ba

An yi wani mutum a nan Mubi, gwanin kwamfuta, a shekarun da bama-bamai suke tashi. Ƙungiyar masu ba da jini ta sa ya haɗa mata shafin intanet mai ɗauke da sunan kowa, irin jininsa da lambar wayarsa.

Ya 'yan uwa, ma'ajiyar sunayen nan kamar rijiya ce mai guga hamsin. Duk wanda ya buɗe shafin, manhaja za ta ɗauki guga ta ɗebo masa amsa, sannan ta mayar. Tasa ba ta mayarwa. In gugunan sun ƙare, sai shafi ya sandare.

Ya san haka sarai. Gyaran bai kai shan kofin shayi ba, amma ya ƙi. Daɗi yake ji a yi ta nemansa, ya zo yana hura hanci, ya kashe na'ura ya kunna gugunan su dawo, a ce ba kamarsa. Kalmar sirrin shiga na'urar ma shi kaɗai ya riƙe.

Wata nas ta asibitin garin mai suna Lidiya ta ce masa, "Malam, abin nan kullum yana tsayawa. Ran da mutane suka yi yawa fa?"

Ya ce, "Wallahi na gyara." Ƙarya yake, kuma da sunan Allah.

Wata ranar kasuwa da hantsi, bom ya tashi a bakin tasha, shi da matarsa Hapsatu suna wurin. Ƙarfe ya farfasa masa muƙamuƙi, ya guntule yatsunsa. Ita kuwa ya farke mata ciki. Aka kwaso su zuwa asibiti a akori-kura tare da gawawwaki, jini yana tsiyaya a kan kwalta.

Jinin Hapsatu mai wuyar samu ne. Ɗaruruwan mutane suka afka wa shafin lokaci guda, cikin minti biyu gugunan suka ƙare.

Lidiya ta sunkuyo kansa ta ce, "Faɗa mini kalmar in kashe in kunna." Ya buɗe baki, sai jini da gutsattsarin haƙori. Ta miƙa masa biro, babu yatsun riƙewa. Yana ji yana gani Hapsatu ta cika a gadon da ke gefensa. Mai irin jininta kuwa yana bayan asibitin yana facin taya, sunansa na cikin na'urar.

Azzaluman da suka dasa bom Allah zai yi musu hisabi, ajali kuma nasa ne. Amma wa ya riƙe gugan? Kai da aka ba amanar aiki, kake barin ɓaraka don a ci gaba da nemanka, ka san wa za ta ci?

Mutumin yana nan da rai. Har yau kalmar tana kansa, ba bakin faɗa.

Allah ya kiyaye mu daga ha'inci a aikin hannunmu, ya tsare mana garinmu. Amin.