Harsasai a Ƙarƙashin Rumman

Ya 'yan uwa, kada wanda ya ce mini bai sani ba. Kun ga irin akwatunan da ake saukewa a bayan kasuwa, kun kau da kai, kun ci gaba da kurɓar shayinku. Ni ma na gani na yi shiru. Yau shirun ya ishe ni.

A kwarin nan namu an yi wani mutum, direban babbar mota. Ba zan kama sunansa ba, don yana raye, kuma wahalar da ya sha ta isa. Rumman da inabi yake ɗaukowa daga tsallaken iyaka. Ba ya caca, ba ya shaye-shaye, sallah ba ta wuce shi ko a kan hanya. Allah ya ba shi 'ya'ya mata biyar, yana kuwa ƙaunarsu.

Amma kun san al'adarmu. In an haifi namiji, uba ya hau soro ya yi ta harbi sama har ƙauyukan nesa su ji. In mace ce, gida ya yi tsit kamar an yi rashi. Sau biyar gidan mutumin nan yana yin tsit.

Yana da ɗan baffa, Zmarak, mai 'ya'ya maza huɗu, katangarsu ɗaya. Duk sanda suka haɗu a zauren unguwa sai Zmarak ya ce, "Lala, babban yaya, bindigar nan taka tana da rai kuwa? Ka ba 'yan matan mana su riƙa murza gurasa da ita, kar ta zauna a banza." Zaure ya kwashe da dariya. Dattawa nawa ne a wurin? Wa ya ce wa Zmarak ya ji tsoron Allah? Ko ɗaya.

Da matarsa Torpekai ta samu ciki na shida, likita a birni ya duba ya ce namiji ne. Mutumin nan ya ƙudura a ransa zai harba harsashi ɗari biyar, ɗari ga kowane shiru da ya haɗiye. A nan ba za a sayar masa da wannan yawan ba sai da takarda. A tsallake kuwa babu mai tambaya.

Mai shagon can ya zube masa su a kan tabarma. "Sababbi fil, ɗan'uwa, rantsuwa ma ba ta taso ba." Tsoffin kwansuna ne da aka tsinto, aka sake ɗura musu albarushi da hannu, ba awo. Ya ga sun yi duhu, amma ya tuna dariyar zaure. Ya jera su a ƙasan akwatuna, ya rufe da ciyawa, ya ɗora rumman a kai.

A shingen iyaka, jami'in da ya san shi shekara goma ya ce, "Yau me ka kawo mana?"

"Rumman ne kawai, wallahi."

Jami'in bai ko leƙa ba. Bai taɓa jin ƙarya a bakin wannan direban ba, shi ya sa ya ɗaga masa shinge.

Torpekai ta gan su a ɗakin ajiya, ta kira shi da sunan babbar 'yarsu. "Baban Spogmai, ka zuba su a kogi. Uba yaron nan yake bukata, ba ƙara ba."

Ya ce, "Ke ba ki taɓa zama a zauren nan ba."

Ranar wata Talata da hantsi ta haihu. Ungozoma ta leƙo tsakar gida. "Namiji ne! Zo ka yi masa kiran sallah a kunne."

"Ina zuwa. Bari Zmarak ya fara ji."

Ya hau soro. Harbi goma sha shida ya tashi lafiya. Na goma sha bakwai ya fashe a cikin bindigar, a gaban fuskarsa. Yatsu uku suka tafi, da idanu biyu.

Zmarak ne ya goyo shi ya sauko da shi, yana kuka yana cewa, "Lala, wasa fa nake yi maka!"

An sayar da motar. 'Yan matan da ba a harba musu ko harsashi ɗaya ba, su ne ke ɗinki suna ciyar da gidan. Yaron yau shekararsa huɗu. Uban kan zaunar da shi a cinya, ya shafa fuskarsa da sauran yatsunsa, ya tambayi duk wanda ya shigo, "Don Allah, da wa ya yi kama?"

Ya 'yan uwa, zunubinsa a fili yake. Ya rantse da Allah a kan ƙarya, ya shigo da abin kisa a ɓoye, ya sa riya gaba da sunnar da aka kira shi ya yi. Amma wa ya tura shi? Masu dariya, da masu ganin haihuwar mace abin kunya ce, da mu da muka yi shiru. Allah ya yafe masa, ya tsare mu da irin wannan faɗuwa.

Addu'a kuma ba ta ɗauke muku aiki ba. Kowannenku ya san gidan da aka ɓoye harsashi ana jiran biki ko haihuwa. Ku je gidan yau, kafin la'asar, ku zauna da mai shi, kada ku tashi sai ya fito da su ya miƙa wa dattawa.