Magajin Mujallar Bakin Rijiya

To, ku gyara zama. Wannan labarin mutane ne irinmu, kuma in na kai ƙarshensa ni zan yi shiru, ku ne za ku yi magana.

A garin Tsamiyar Liman an yi wani malamin firamare, Malam Tsalha, mai son rubutu da taurin kai daidai wa daida. Shi ya kafa wata 'yar mujallar adabi, ya sa mata suna Bakin Rijiya, wai don can ne kowa ke zuwa da gugansa ya koma gida da labari. Shafi ashirin ce, tana fita sau uku a shekara. Da keken rubutu ake buga ta, a gurza a injin da ake juyawa da hannu. Kwafi ɗari biyu kacal ake yi, amma kowane kwafi sai ya zaga gida goma kafin ya yage.

Kada ƙanƙantarta ta ruɗe ku. Matan aure da ba a taɓa jin muryarsu a waje ba sun riƙa aiko mata waƙoƙi da sunan aro. Wata waƙa da aka yi wa karyayyar gadar rafi ita ta sa aka gyara gadar, don masu iko sun gaji da jin 'yan mata na rera ta a dandali. Marubuta huɗu da littattafansu ke kasuwa yau, a shafukanta suka yi rarrafe. Har yanzu in mutum ya cika saɓa alkawari a garin sai a kira shi Na-Gobe, sunan wani tela ne a wani labari na fitowa ta bakwai.

Da aka kai fitowa ta casa'in da tara, Malam Tsalha ya haura saba'in. Sai ya sanar cewa ta ɗari za ta tattaro mafi daɗin abin da aka taɓa bugawa, daga nan ya miƙa mujallar ga ɗaya daga cikin mutum ukun da suka daɗe tare da shi: Barau mai rarraba ta, Iro mai karanta ta a kasuwa, da Malama Yalwa mai buga ta. A ransa yana ganin zaɓen ba zai yi wuya ba.

Ga inda taurin kan ya cuce shi. Malam bai taɓa yarda a maƙala takardun da ƙarfe ba, wai yana tsatsa. Da zare yake ɗinke su, ya shafe gindin da kunun garin rogo. Kwafinsa na ajiya kuwa, ɗaya daga kowace fitowa, suna cikin wata adakar katako a ƙasa a lungun shagon mujallar. Ba ya barin kowa ya taɓa ta, shi ma damina uku bai buɗe ta ba, sai dai ya zura sabon kwafi ta tsagar murfi. Ranar da ya ɗaga murfin don fara zaɓen abin da zai shiga ta ɗari, jar ƙasa ya tarar har baki. Gara ta cinye shekara talatin da uku. Malam ya zauna a ƙasa ya yi kuka, kuka na gaske, a gaban mutanensa.

Barau ne ya fara magana. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ai kai ka jawo. Ka ba ta tuwo, ka haɗa mata da miya."

Malam ya share hawaye ya ce, "Barau, yau ma ba za ka raga mini ba?"

Ya ce, "A'a. Amma ka tashi. Abin da ke cikin adaka ya tafi, na gidajen mutane yana nan."

Barau ɗan koli ne, a bayan kekensa mujallar ke zuwa ƙauyuka, saboda haka ya san duk ƙofar da ta taɓa shiga. Lokacin kaka ne, lokacin da ɗan koli ke samun cinikin shekara, amma ya rufe rumfarsa ya hau keke. Wata biyu yana yawo. Ya samo wasu a ƙasan akwatunan tsofaffi, wasu a ƙarƙashin katifa, wasu a soke a jikin azara. Fitowa ta farko a hannun wata mai ƙosai ya tsince ta, saura kaɗan a naɗe ƙosai da ita. Ya dawo ya rame, gwiwarsa ta kumbura, amma da casa'in da taran a buhu. Sai dai kusan kowacce ta rasa shafukan farko da na ƙarshe, don hannu goma ba ya barin takarda lafiya. Labarai ba kai ba gindi.

Nan Iro ya shigo. Tun fitowa ta farko, duk ranar kasuwa shi ke tsayawa a rumfar masu goro ya karanta wa waɗanda ba su yi boko ba, kowace fitowa sau goma ko fiye. Abin ya zauna masa a ka. Da an karanta masa layin da takarda ta tsaya, sai ya ɗora. Amma a rana ta uku ya tsaya cak, ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, akwai maganar da zan faɗa. Shekara da shekaru ina ƙara gishiri. In na ga ƙarshen labari bai yi wa 'yan kasuwa daɗi ba, nawa nake ba su." Ba wanda ya sani, kuma da ya yi shiru da nasa za a buga. Ya zauna sati shida yana tsefe na marubuta daga nasa, layi layi. Gari ya ji, aka yi ta yi masa ba'a, har masu goro suka ce ashe tela Na-Gobe bai taɓa auren 'yar liman ba. Iro ya shanye, ya cike duk giɓin.

Saura bugu, sai aka ga an daina sayar da takardar da injin ke gurzawa, ko a birni. Malama Yalwa ta kusa sittin, 'yan yatsunta na ciwo. Ta shiga ajin koyon kwamfuta, ta zauna cikin sa'annin jikokinta, suna dariya don tana dukan haruffa da ƙarfi irin na keken rubutu. Ta iya cikin wata guda. Ita kaɗai ta san matan da ke bayan sunayen aro, sai ta riƙa shiga gida gida da abin da Iro ya tuno, mai waƙa ta ji ta gyara. Bayan ta ɗari, ta buga duka casa'in da taran, ta ajiye su wuri uku inda gara ba ta da iko.

Ranar da ta ɗari ta fito, kasuwa ta cika. Malam Tsalha ya zauna a kan benci da kwafinsa a cinya yana shafawa, yana jin Iro na karantawa, wannan karon ba gishiri. Wata tsohuwa ta ji waƙar da ta yi tana amarya, ta rufe baki da mayafi tana dariya. Malam ya ji daɗin da bai taɓa ji ba. Ya ce a ransa ko yau Allah ya ɗauke shi, ya gode.

Sai batun magaji. Wasu suka ce ya ba su ukun su riƙe tare. Ya ce a'a, ba a sarki biyu a gari ɗaya, balle uku. Mai mujalla shi ne wanda zai dubi abokinsa ya ce masa rubutunka ba zai shiga ba, kuma wannan magana baki ɗaya ke faɗar ta. Ya yi ta aunawa. In ba don Barau ba, babu abin da Iro zai ɗora a kai, amma Barau karatunsa da ƙyar ne. In ba don Iro ba, guntaye kawai za a buga, amma wanda ya taɓa canza maganar marubuci, a ba shi alƙalami? In ba don Yalwa ba, da komai ya tsaya a buhun Barau da bakin Iro, amma ita ma shekaru sun ja, ba da jimawa ba za a sake neman magaji.

Su ukun ba wanda ya roƙa, kowa ya ce abin da Malam ya yanke shi ne. Wasiƙun fitowa ta ɗari da ɗaya kuwa sun fara taruwa a kan tebur, ba mai buɗe su.

To, jama'a, ku ne Malam Tsalha. Wanda ya nemo, da wanda ya tuno ya kuma tona asirin kansa, da wadda ta tsare: wa za ku miƙa wa makullin shagon?