Sarƙar Haulatu a Hannun Mai Saƙo

An yi wani mutum a nan Doha, direba, ɗan ƙasarmu. Ba zan kama sunansa ba. Wasunku sun sha shayi da shi a unguwar Mansura, su rufa masa asiri.

Ya 'yan uwa, mutumin nan namiji ne. Shekara goma sha huɗu yana jan motar kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ko madubi bai taɓa fasawa ba. Lokacin salla kuwa ba ya duba waya. Ya kalli inuwar bango ya ce azahar ta yi, sai ka ji ladan ya ɗauka.

Amma da saƙo aka fi saninsa. Kun san al'adarmu: in mutum zai je gida hutu, kowa ya kawo nasa. Wannan waya, wancan maganin tsohuwarsa, waccan turare da abaya. Shi yakan rage nasa kayan don na mutane su shiga awo. In ya sauka Kano, ba ya cire takalmi a gidansa sai ya bi ƙofa-ƙofa ya damƙa wa kowa nasa. Har sunansa ya ɓace, sai Mai Saƙo.

Akwai wata baiwar Allah, Haulatu, mai dafa abinci a wani gida a unguwar tsohon filin jirgi. Shekara tara tana gaban wuta. 'Yarta Safiya ta gama karatun jinya za ta yi aure, ita kuma ba a ba ta hutu ba. Ta sayi sarƙar zinariya, ta ƙulle a hankici, ta kawo masa.

Ta ce, "Yaya, tunda ba zan je ba, wannan ita ce ni a wurin bikin."

Ya ce, "Kalas, an gama, Haulatu. Ki ɗauka tana wuyanta."

Ana saura kwana biyu ya tashi, kafil ya ce ya raka shi wani birni na bakin teku kallon tseren mota da dambe, ya riƙe masa jaka, daga can ya sa shi a jirgin gida. Haka ya tafi da kayan mutane a hannunsa.

Gaskiya a faɗe ta, birnin nan ya ginu. Ruwa na tashi sama a ƙofar otal yana bin kiɗa. Motocin tsere kafin ka juya wuya sun ɓace, shi da yake direba sai da ya cire hula. Abinci a shimfiɗe, ci iya cikinka. Ma'aikata suna rusuna masa suna buɗe masa ƙofa, shi da ya yi shekara sha huɗu yana buɗe wa wasu. Wa zai ga wannan zuciyarsa ba ta motsa ba?

To a otal ɗin, kowane baƙo ana miƙa masa wasu 'yan faifai masu launi, irin waɗanda ake zubawa a teburin caca. Kyauta. Ya jujjuya su a hannu. Tarbiyyar gida ta ce masa mai da kyauta wulaƙanci ne. Shaiɗan ya ƙara masa da cewa, ai ba guminka ba ne, ina caca a nan?

Ya 'yan uwa, ta nan aka kama shi. Ba ta kwaɗayi ba. Ta kunya.

Ya shiga zauren. Babu taga, babu agogo, fitila iri ɗaya safe da yamma. Mutumin da ke karanta inuwa an kai shi inda babu inuwa. Ya zuba na farko, ya ci. Mutane suka tafa masa. Ya sake, ya ci. Daga nan tebur ya juya masa baya. Kyauta ta ƙare, guzurinsa ya bi ta. A ƙarshen zauren akwai wani ɗan kanti da ke karɓar jinginar zinariya. Su ma sun san aikinsu. Ya kwance hankicin Haulatu, yana cewa yanzun nan zan dawo in karɓa.

Da ya fito yana neman wurin alwalar azahar, sai ya tarar an kwana, ranar wata rana ce. Salloli sun wuce. Jirgi ya tashi. Sarƙa ta tafi.

Kafil ya dawo da shi Doha, ya karɓe makullin mota.

Nan zan sake yabonsa. Da ya ce an sace a filin jirgi, wallahi kowa zai yarda, don shi ne. Bai faɗa ba. Da rana tsaka ya je ƙofar kicin ɗin Haulatu, ya durƙusa, ya faɗi komai.

Ba ta zage shi ba. Ta goge hannu da zane, ta ce, "Yaya, jiya aka kai Safiya. Ƙawayenta sun ba ta aron tasu, ta ƙi. Ta ce ta Umma tana hannun Mai Saƙo, ai kamar ta iso ne. Haka aka kai ta, wuya ba komai, tana waiwayen ƙofa."

Yanzu yana sauke buhunan albasa a kasuwar Abu Hamour. Bara ya je gida. Jakarsa ɗaya, ko rabi ba ta cika ba. Ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, ko da kwalbar turare.

Ya 'yan uwa, in irin wannan mutum ya faɗi, ni da kai mu su waye? Caca ba ta zuwa da sunanta. Takan zo da murmushi, a cikin tire, ta ce kyauta ce. Ba kowace kyauta ake karɓa ba. Ka ce na gode, ka mai da hannunka aljihu. Kuma duk inda ka shiga ka rasa gane lokacin salla, fita, ko da zinariya aka yi daɓen wurin.

Allah ya saka wa Haulatu, ya karɓi tuban bawan nan nasa. Mu da ake ba mu amanar mutane, Allah ya kiyaye mu. Amin.