Kujerar da Ta Tsaya Inda Malam Ya Bar Ta

Akwai wani mutum da ya gaji tsohuwar mota a wurin mahaifinsa. Mahaifin, wanda kowa ke kira Malam, mai bishara ne, irin na dā, waɗanda ba su san wannan nawa ne, wancan na ikilisiya ne ba. Motar nan ta kai masu naƙuda asibiti, ta kai amare, ta ɗauko gawa, ta ɗauki buhunan masara na baikon godiya har bayanta ya kusa taɓa ƙasa. Har yau in ka buɗe ƙofarta za ka ji ƙanshin man zafi da soyayyar gyaɗa.

Kujerar direba irin mai lantarki ce. Akwai ɗan maɓalli a gefe, ka danna ta matsa gaba, ka danna ta koma baya. Da Malam ya rasu, ɗan ya tarar da ita can baya, a kishingiɗe. Shi kuwa gajere ne, tsawon mahaifiyarsa ya ɗauko. Amma ya ce a ransa, "Wane ni in sauya wa Baba zama?" Kun dai san mu, ɗa ba ya hawa tabarmar uba, balle ya ja ta. Sai ya tara matashi biyu a bayansa, yana tuƙi da kan yatsun ƙafa. Shekara biyu ba wanda ya taɓa maɓallin nan.

Wata Lahadi ya ɗauko mahaifiyarsa daga sujada. Suna gangarowa wajen kasuwa sai matashi ya zame, ƙafarsa ta kasa kai birki. Mota tana tafiya, shi yana ta miƙa ƙafa, tsohuwa tana kiran sunan Yesu, har Allah ya sa suka kafe cikin tarin yashi, taku uku daga wata mai tuyar ƙosai.

Tsohuwa ta ce, "Matso da kujerar nan gaba."

Ya danna. Ɗan injin da ke ƙarƙashi ya yi ƙugi, kujera ko motsi.

"Gobe ka kai ta gyara. Da ni za a je."

"Mama, haka fa Baba ya bar ta."

"Na ji. Ni ma haka ya bar ni. Ka ga na daina cin tuwo?"

Washegari suka je wurin wani dattijo mai gyaran wayar mota, tsohon abokin Malam. Ya duba fis, lafiya lau. Ya kwance noti huɗu, ya kifar da kujerar, ya leƙa. Ya ce, "Ɗan Malam, injin nan bai mutu ba. Zama ne ya yi masa yawa." Giris ya bushe kamar ƙanzo, ƙarfen da kujera ke zamewa a kai ya cika da tsatsa da ɓawon gyaɗa. Ya sa filaya ya zaro wani lanƙwasasshen tabarau da ya maƙale a ciki.

Tsohuwa ta karɓa, tana dariya tana share ido da bakin gyale. "Na Malam ne! Kwana uku bawan Allahn nan yana cewa ni na ɓatar masa!"

Dattijo ya wanke ƙarfen da kananzir, ya shafa sabon giris, ya mayar da kujera ya ɗaure. Ya ce, "To, danna." Mutumin ya ɗora yatsa a kan maɓalli, ya kasa.

Sai mahaifiyarsa ta ce, "Kai, saurara. Kana tsammanin haka ubanka yake zama? Shekara da shekaru a miƙe yake tuƙi, ƙirjinsa dab da sitiyari kamar zai cije shi. A wata huɗunsa na ƙarshe ne, da ƙafafunsa suka kumbura, ni da hannuna na mayar masa da ita baya don ya iya shiga. Zaman ciwo kake ta gadi. Ka kusa kashe ni da 'yar mutane a kansa."

Ya sunkuyar da kai, ya danna. Kujera ta taho a hankali, har tafin ƙafarsa ya zauna daram a kan birki.

'Ya'yana, ma'anar wannan misali ita ce: motar bangaskiya ce da iyayenmu suka bar mana, ba kuma don ado suka bar ta ba, akwai rayuka a ciki. Kujerar kuwa yadda suka zauna ne a zamaninsu. Wani abin da ƙarfinsu suka yi shi, wani da gajiya, wani ma da fushi. Mu kuma mun haɗa duka mun rungume.

Na san gidan da aka daina addu'ar safe tare tun da maigida ya kwanta jinya. Ya rasu, har yau ba a koma ba, wai haka aka saba. Na san wanda ba ya gaida kawunsa don ubansa ya mutu suna faɗa. In ka yi magana, ya ce biyayya yake yi. Ba biyayya ba ce, ba zan ɓoye muku ba.

Ni na ga mutanen dā da idona, na ci tuwo a gidajensu, ina kewarsu fiye da ku. Ba su taɓa jin tsoron gyara ba. In akwai tsohuwa ko tsoho da ya rage muku a gida, yau bayan sujada ku zauna ku tambaye shi dalilin abin da kuke riƙe da shi, tun yana da bakin ba ku amsa. Mu ɗin ba mu da yawa kuma.